Rabon Yaya da Rabon Auta

Da aka ce mini akwai wani gida a bayan tashar mota da ake kira gidan namun daji da tarihi, ban ɗauki maganar da nauyi ba. A inda na yi karatu, gwamnati ce ke riƙe da irin waɗannan wurare, da masu gadi da gilasai masu sheƙi. Ban ga yadda iyali ɗaya za su yi hakan a tsakar gidansu ba. Na je ne da shakku, na dawo da labarin wata mata da kowa a gidan ke kira Yaya.

Mahaifin Yaya direban babbar mota ne, kuma mutum ne da ba ya dawowa daga tafiya hannu biyu. Yau ya sauko da tsohon garmaho na sa faifan waƙa, gobe da kunkuru a cikin bokiti. Kafin ya tsufa gidan ya cika: biri, jimina, aku, kada a kwatamin siminti, ga ɗaki guda maƙil da tafireta, dutsen guga na gawayi, fitilun ƙwai da agogon bango. Da ya ga jiki ya ƙi, sai ya kira 'ya'yansa biyu ya yi musu rabo da baki: duk abin da ke numfashi na Auta ne, duk abin da ba ya numfashi na Yaya. Dabba in ta mutu, a gyara fatarta a cusa mata auduga, ta koma ɗakin Yaya.

A lokacin Yaya ta ga ita aka fifita, domin kayanta ba sa cin abinci, ba sa ciwo. Sai bayan rasuwarsa ta gane. 'Yan makaranta na shigowa a layi, tana tsaye da tsumman goge ƙura tana bayanin tafireta, idanunsu na kan taga.

"Gwaggo, ina birin yake?"

Har ƙofar shiga ta sa aka canza, don kowa ya bi ta ɗakinta kafin ya isa wurin dabbobi. Abin da ya ƙaru kawai shi ne shara.

Amma ba birin ne ke ci mata rai ba, akun ne. Tsuntsun ya yi shekara da shekaru a gefen gadon Baba, ya kwashe muryarsa tsaf, har da tarin da yake yi kafin ya yi magana. Kuma kalma ɗaya ya fi riƙewa. Tana cikin goge agogo sai ta ji muryar mahaifinta daga tsakar gida: "Auta! Auta!" Ita da ta yi jinyar tsohon, ta juya shi, ta wanke masa kaya, tsuntsun bai taɓa kiranta ba ko da kuskure.

Ta taɓa kai ƙara gaban kawunsu, ta ce akun ba dabba ba ne, tarihi ne, tunda babu inda muryar Baba ta rage sai bakinsa. Kawu ya saurare ta har ƙarshe, ya tambaya: "Yana numfashi?" Shi ke nan shari'a ta ƙare. Daga ranar ta share wani gurbi a kan kantar jera kaya, tsakanin hular Baba da akwatin rediyonsa, ta bar shi fayau. Ba ta gaya wa kowa na mene ne ba, kuma babu wanda bai sani ba.

Sai akun ya kwanta ciwo. Ya daina ci, ya riƙa fige gashin ƙirjinsa, ya yi gum. Likitan dabbobi ya ce hayaniyar yara ta yi masa yawa, a kai shi inda babu mutane. Da hantsi sai ga Auta a ƙofarta rungume da keji.

"Yaya, na duba gidan nan kaf, babu inda ya kai ɗakinki shiru."

"Ka faɗa kai tsaye mana, ka ce ba mai zuwa wurina."

"Ni ban ce ba. Likita ne ya ce inda babu mutane."

"To ai ka san ƙa'ida. Ba ya shigowa nan sai ya daina numfashi."

Auta ya dubi gurbin da ke kan kantar, ya dube ta. "In haka ne ki ɗan ƙara haƙuri, ba zai daɗe ba."

Ta fizge kejin daga hannunsa. "Bakinka ya sari dutse! Fita, kana warin kada."

Ta ajiye kejin a kan teburin keken ɗinki, nesa da gurbin. Ta riƙa dama masa ayaba tana ba shi a bakin cokali, ta rufe tagar da ke kallon birin, masu ziyara kuma ta hana su ɗaga murya. In ɗakin ya zama daga ita sai shi, takan matso da kujera ta ce a hankali: "Ce Yaya. Ya-ya." Wata rana tana cikin haka sai ta tsaya cak. Ta tuna ko ya koya, da muryarta zai faɗa, ba da ta Baba ba. Ba ta sake gwadawa ba.

Gashi ya fara tsirowa. Wata safiya tana murɗa makullin agogon bango, sai ta ji tari a bayanta, irin tarin nan. Makullin agogon ya faɗi daga hannunta. Akun ya miƙe wuya, ya dube ta da ido ɗaya, ya buɗe baki: "Auta!"

"Butulu!" in ji Yaya, tana share ido da gefen mayafi. "Wa ya ba ka ayaba?"

Auta ya shigo a guje da bokitin ruwa a hannu. Da ya ji yadda aka yi, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Yaya, ai ni Baba ke kira don kullum ba na nan. Ke da kike zaune kusa da shi, kiran me zai yi miki?"

"Daɗin baki. Ɗauki tsuntsunka, yana numfashi."

Ranar da na je, akun na can wajen kejin biri yana ta kiran Auta, yara sun yi masa zobe. Ni kaɗai ne a ɗakin Yaya. Ta nuna mini garmaho, ta ba ni wannan labari tana hararar taga. Gurbin na nan, an goge shi tas. Na tambaye ta ko har yanzu tana jiran ranar da zai dawo hannunta.

Ta ce, "Allah ya ja kwanansa. Gara ya yi ta kiran wancan sarkin yawon ina ji ta taga, da ya zauna mini a nan bai ce komai ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma in ka rubuta, ka rubuta ni na yi jinyarsa."