Ɓawon Wake a Kashin Ɗan Fari

Ban san kashi yana da malamai ba sai da na haifi ɗan fari. A shekarun ne Turawa ke yaƙinsu can wata uwa duniya, mu kuma a Wurno ana ɗibar maza ana kai su Jos haƙar kuza. Mai gidana yana cikin waɗanda aka ɗiba. Ya tafi ina wankan jego gidanmu a Rabah, da na dawo sai na tarar da ɗaki ba kowa, sai iyayensa biyu a gidan.

Yaron bai wahalar da ni ba. Nono kawai ya sani. Da safe in miƙe ƙafafu in ɗora shi a kai, ya yi abinsa, rawaya mai ruwa-ruwa, ba wari sai ɗan tsami irin na kindirmo, in kwashe da sakaina in kai masai. Da yake ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane. Ina son shi kamar in haɗiye, amma a ɓoye.

Bayan ya fara zama, wata safiya abin ya sake kama. Ya yi duhu, kore-kore, ya yi kauri, ga wari irin na mai gemu. Uwar mijina tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, hancinta ya riga ƙafarta isowa.

Ta ce, "Ke, mi kinka ba yaron ga?"

"Ban ba shi komi ba, Inna."

Kafin azahar ta aika an kira ungozoma, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin unguwarmu, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta ba. Ungozoma ta sa aka ajiye mata kashin washegari, da gari ya waye ta dawo. Ta tsuguna gaban sakaina tana juya kai kamar alƙali, ta shinshina, ta ja baya. Yaron yana gefenta, kumatu kamar za su fashe, yana ta dariya yana dukan ƙasa, amma shi ba a tambaye shi ba.

Sai ta sa na tatsi nono a ludayi, ta kamo kiyashi ta jefa. Wai in ya fito nono lafiya lau, in ya mutu ya ɓaci. Kiyashi ya yi ta wutsil-wutsil, ya nutse. Ni dai har yau ban ga kiyashin da ya iya iyo ba.

Ta ce da uwar mijina, "Yaron ga ya sha ciki. Na ga irinai ba adadi."

A wurinmu, in mace ta ɗauki ciki tana goyo, ana cewa nono ya ɓaci, yaro ya sha ciki. Ga mai miji a gida, abin tsegumi ne da dariya a bakin rijiya. Ni kuwa mijina ya bar gari tun yaron yana tsumma. Ba wadda ta kira mini sunan abin, amma kowa ya iya lissafi.

Suka yanke magana a gabana kamar ba na nan. Za a shafa mini maɗaci a nono, a yaye shi, ya zauna hannun kakarsa, ni kuma in tafi Rabah in huta. Haka suka ce, in huta. Uwar mijina ba ta ko jira ba, ta ba wani maƙwabci da ke cikin sabuwar ɗiba saƙon baki ya kai wa ɗanta cewa yaro ya sha ciki. Ni ko kuka ban isa in yi a fili ba, kada a ce ba ni da kunyar ɗan fari. Na ɗauki taɓarya na huce fushina a kan turmi.

Da safe na ce tun da karatun kashi ake yi, bari ni ma in yi. Na kai sakaina bayan ɗaki, na sa tsinke na tona. Sai ga wani abu siriri fari-fari, da ɗan baƙin ido a jiki. Na ƙara tonawa, ga wani. Ɓawon wake ne.

Mutum ɗaya ke cin wake kullum a gidan. Uban mijina ba shi da haƙori ko ɗaya, saboda haka da ya dawo daga gonar albasa da hantsi ake kai masa wake zaure, dafaffe luguf da kanwa da mai. A daidai lokacin kuma yake cewa a kawo masa abokinsa, mai son ƙwace masa mata, matarsa ta ɗauki jikan ta kai masa da hannunta. Ashe marasa haƙora biyu sun haɗa akushi. Kuma duk shari'ar da aka yi mini, zana kawai ke tsakaninsa da mu. Ya ji komai, ya ci gaba da jan tasbaha.

Ba ni da bakin magana da shi, suruki ne. Sai na jira ungozoma ta zo da maɗacinta, na ajiye musu sakaina tsakaninsu, tsinken a soke da ɓawon.

Na ce, "Inna, ku diba mini. Ban san nonona na hidda wake ba."

Suka sunkuya tare har kawunansu suka gwaru. Uwar mijina ta miƙe, ta nufi zana.

"Malam, kai ab ba yaron ga wake?"

Aka yi gyaran murya mai tsawo. "Ɗan lasa na. Shi ad da kwaɗai, shina kamun hannuna."

"Kana ji muna ta magana, ba ka hwaɗi ba?"

"Maganar mata ta, mi zan ce ciki?"

Ungozoma ta ɗaure maɗacinta a bakin zane, ta ce ita dama tun farko ta ji ƙanshin wake. Uwar mijina ta ce to Alhamdu lillahi, ta koma tankaɗe. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Da la'asar ma ita ce ke koya mini yadda ake dama kunu ruwa-ruwa, a fara da kaɗan, kuma kada in tsorata in kashi ya yi duhu ko ya ƙi zuwa yini guda, haka yake ga duk yaron da ya fara cin abinci. Kowa ya san wannan, in ji ta.

Yaro dai ya zauna a hannuna. Amma saƙon ya riga ya tafi, kuma ba wanda ya tuna ya aika wani a bayansa.

Mai gidana ya dawo bayan damina, ya rame, yana tari. Ina tsakar gida da yaron a hannu lokacin da ya shigo, yaron har ya fara tsayawa. Na durƙusa na yi masa barka da zuwa. Ya amsa. Kafin ya dubi ɗansa, cikina ya fara duba.