Sunan Dakta Garba a Kan Maƙalar da Bai Karanta Ba

Har gobe ranar da wata malama ta shigo ofishina riƙe da kundin digirinta ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ni ne editan mujallar bincike ta tsangayarmu a nan Bauchi. Ga waɗanda ba su san aikin ba, malami zai kawo maƙala, mu cire sunansa mu aika wa masana su tantance, sannan mu zuba ta a manhajar da ke gano satar fasaha. In ta tsallake, mu buga. Da irin waɗannan maƙalu ake yi wa malami ƙarin girma.

Matar ta ce sunanta Madam Rifkatu, daga wata kwaleji take. Ko zama ba ta yi ba. Ta buɗe mujallarmu, ta buɗe kundinta, ta jera a tebur ta ce, "Malam, karanta ka gani." Tirƙashi! Babi guda cif aka kwashe mata, kan noman rani a yankin Gubi, aka mai da shi maƙala a mujallarmu. Manhajarmu ba ta kama ba, domin kundin bai taɓa hawa intanet ba, yana kwance a laburaren kwalejinsu.

Sunaye biyu ne a kan maƙalar. Na biyu Nuhu, wani ƙaramin malaminmu. Na farko Dakta Garba. Dakta ya koyar da ni, ya koyar da Nuhu, mutum ne da ko biron ofis ba ya tafiya da shi gida. Ritaya ta matso, takardunsa na neman zama farfesa suna hannun masu tantancewa, kuma wannan maƙala tana ciki.

Kun dai san al'adarmu. Ƙaramin malami in ya yi rubutu, sai ya ɗora sunan malaminsa a gaba don girmamawa, malamin ya sa masa albarka, shi ke nan. Abokai kuwa, ka sa ni a taka in sa ka a tawa. Ba mai ganin aibun abin.

Na kira Nuhu. Ya fara kame-kame, can ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi oga, Malam bai san kwafa na yi ba. Na ji an ce maƙalunsa ba su cika ba, na ce bari in taimaka."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Taimako? Haba Nuhu! Ka yi wa mutum yankan rago ka ce taimako?"

Bayan la'asar na hau keke zuwa gidan Dakta a Tirwun. Na miƙa masa mujallar da kundin. Ya sa tabarau ya karanta a tsanake, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Da ya ɗago ya ce, "Habu, wannan ai ba Turancin Nuhu ba ne. Da na karanta ko shafi ɗaya, da na gane."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Nuhu ya amsa laifinsa. In kwamitin mujalla ya ji ba da saninka aka sa sunanka ba, za a sassauta."

Ya ce, "Da sanina ne. Nan ya zo ya faɗa mini, na gode masa, da hannuna na sa ta cikin takarduna. Sakaci na yi. Kana so in ɗora ƙarya a kai? Je ka yi aikinka."

Kwamitin mujalla ya zauna. Aka janye maƙalar, aka buga sanarwa da sunayensu duka biyun, aka ba Madam Rifkatu haƙuri a rubuce. Aka dakatar da Nuhu. Dakta kuwa da kansa ya janye neman farfesan tun kafin a nemi ya yi. Wasu abokan aiki suka daina amsa gaisuwata, wai na tozarta malamina. Ban yi nadamar janye maƙalar ba, haƙƙin matar nan ne. Amma wallahi abin ya ci ni, har yau yana ci na.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'ar ɓarawo ba shi kaɗai ke faɗuwa ba, yakan tafi da mutumin kirki da ya ji kunyar cewa kawo in gani. Tun daga nan duk sunan da ke kan maƙala sai na buga wa mai shi waya na tambaye shi abin da binciken ya gano. Manya suna jin haushi, su ji.

Ranar walimar yi wa Dakta Garba bankwana, mai gabatarwa ya so ya faranta masa, ya ce, "Yanzu sai mu saurari Farfesa Garba." Ɗaki ya ɗauki tafi. Tsohon ya karɓi makirfo, ya jira aka yi shiru, ya ce, "Dakta ne, ɗana. Kada ka ba ni abin da ba nawa ba."