Rabin Wasiƙar da Na Ɓoye wa Mahaifina

A farkon shekarun saba'in ina koyarwa a Gashua, ban daɗe da gama jami'a ba. Mutum ne ni mai yawan fargaba, irin wanda kan koma ya sake taɓa kwaɗon ƙofa bayan ya kulle, kuma ina ga har yau ban rabu da halin sarai ba. Mahaifina yana Nguru, ya ajiye aikin reluwe bayan ya tsufa a cikinsa, mahaifiyarmu kuwa ta rasu. Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Nijar, ya shigo nan yana saurayi. Da ya huta sai ya fara cewa zai koma can ya ƙarasa kwanakinsa kusa da ƙanensa mai lambu. Ban ce masa kada ya tafi ba, ba ni da wannan bakin, amma raina bai so ba. Tarin da yake fama da shi nake tunani, da nisan asibiti.

Wata Asabar na je gaishe shi, ya miƙo mini wasiƙa daga baffan nawa. Mai rubuta wa mutane wasiƙa ne ya rubuta ta da Faransanci, wanda na ɗan taɓa a jami'a. Na karanta masa gaisuwa, da labarin cewa damina ba ta yi kyau ba, shanu sun rame. Duk wannan yana ciki. Abin da na tsallake shi ne ƙarshenta, inda baffa ya ce ya gina masa ɗaki, rijiyar lambu ba ta ƙafe ba, ya taho kafin zafi. Baba ya tambaye ni ko shi ke nan, na ce kusan shi ke nan. Ya ce to, mutum ba ya kai kansa inda ba a kira shi ba. Na koma Gashua ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba.

Ya daina zancen tafiya. Ya daina ambaton ƙanen nasa ma, wannan ne ya fi damuna. Bayan kamar wata bakwai, wani dillalin dabbobi ya dawo daga kasuwar Kumagannam ya ce masa ya haɗu da baffa, yana tambaya ko yayansa fushi yake yi, ga ɗaki har gara ta fara ci. Baba ya ɗauki wasiƙar ya kai wa wani tela Kirista mutumin Kwatano da ke bakin tasha. Da na zo, Baba ya sa aka kawo mini fura, ya bari na sha, sannan ya kira ni malam, ya ce ashe Faransancin tela ya fi na jami'a tsawo. Na rasa inda zan sa fuskata. Ya ce tarin nasa ne, tsufan ma nasa ne, kuma ya sa ni makaranta don in karanta masa, ba don in zaɓar masa ba. Na nemi gafara, ya ce ya yafe, in je in nemo mota.

Ni na raka shi da kaina. Ya yi shekara shida a can yana ban ruwan albasa, suna musu da ƙanensa kan wanda ya fi iya dashe. Tarin bai tafi ba, amma duk hutun da na je sai in tarar ya ƙara ƙiba. Ko da ya zauna a Nguru zai fi haka daɗewa, Allah ne masani. Ni dai na ga ya rasu cikin jin daɗi, kuma hankalina a kwance yake.

Wataƙila tsorona yana da hujja, ban sani ba. Amma ku da kuke karanta wa iyayenku takarda, ta likita ce ko ta ɗan'uwa, ku karanta ta duka, sannan ku faɗi ra'ayinku a fili. Tsofaffi biyu sun yi wata bakwai kowa na zaton ɗan'uwansa ya yar da shi, kuma ni na jawo.