Nauyin Direba

Mai Sikeli ake ce masa, don tun yana saurayi aikinsa ke nan, auna motoci a ƙofar kamfanin tsofaffin ƙarafa. Shi dai tuƙinsa bai taɓa wuce giya ta uku ba, amma duk ranar hutu in samari sun taru a tsohon filin jirgi suna tseren miƙaƙƙiyar hanya, shi ake nema. Ka gaya masa nauyin mota da ƙarfin injinta, doki nawa ne, sai ya lumshe ido, ya motsa leɓe, ya faɗi daƙiƙar da za ta ci kafin ta kai layi. Da wuya ya kuskure. Magana ɗaya gare shi, har matarsa ta haddace ta don dole: kowane kilo lokaci yake ci.

Autansa, wanda ke tsere da wata tsohuwar jar mota, shi ya ɗauki maganar da zafi. Ya cire kujerun baya da ta gefen direba, ya cire safaya, har rediyo bai bari ba. Duk mako yakan hau da ita kan sikeli, yana zaune a ciki, uban ya karanta lamba ya yaba.

Ana nan, abin cirewa ya ƙare, amma lamba ba ta daina sauka ba. Mai Sikeli ya zargi na'urarsa, ya kwance ta ya goge, bai ga komai ba. Da Auta ya sake zuwa, sai ya leƙa ta taga don ya ga me aka cire. Motar tana nan yadda take. Agogon hannun yaron ne ya zame har kusan gwiwar hannu.

"Yaushe rabonka da abincin kirki?"

"Baba, ai kai ka ce kowane kilo..."

"Na mota na ce."

"A kan sikeli ai duk ɗaya ne, Baba."

Mai Sikeli ya san yaron bai yi ƙarya ba. Ya yi lissafin da ya saba, ya ga duk naman da ɗansa ya zubar bai saya masa ko ƙiftawar ido ba. Kunya da tsoro suka kama shi.

Ya rufe ɗakin awo tun lokacin tashi bai yi ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe ƙofar motar ya zauna a kan ƙarfe, tunda babu kujera.

"Ja mu je gida. Uwarka ta sauke tukunya."

Har yau yana faɗa wa samari lokacinsu. Waccan maganar ce dai ba a ƙara jin ta a bakinsa ba.