Shekarar da Motar Baba Ta Koyi Shan Mai

Wata ranar Alhamis a farkon kaka, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka yaye zanar da ke rufe da motar Baba. Mu a Nasarawa Burkullu haka ake yi: da ruwa ya kankama hanya ta zama taɓo, sai a tura mota ƙarƙashin rumfar da ke jikin rumbu a lulluɓe ta, ba mai sake taɓa ta sai an fara yankan gero. Ni da ƙannena muka yi ta jido ruwa muna kankare kashin kaji daga gilashi, Kawu Haruna kuwa, ƙanen Inna wanda shi ke tuƙa ta, ya ɗaura batir ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta tashi, ta turnuƙe ƙofar gida da baƙin hayaƙi har awaki suka watse. Mu ko sai tsalle da shewa, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Baba malami ne, bai iya tuƙi ba, wani tsohon ɗalibinsa ne ya ba shi motar. Da ita ake kai shi ɗaurin aure Bukkuyum da Anka, da ita ake kai duk mai naƙudar da ta gagara a unguwarmu asibiti. To, tun daga ranar nan sai ta ɓullo da wani hali. Man da a da yake kai su Gummi ya dawo da su, yanzu a hanyar dawowa yake ƙarewa. Kawu ya ƙara wa tayoyi iska, ya goge filogi, ya kwanta a ƙasa ya duba ko tanki na yoyo, bai ga komai ba. Kafin ka ce me, magana ta fita cewa ana ganinsa yana hira wurin masu sayar da mai a galan a bakin hanya. Hira ce kawai, abokansa ne tun suna yara, amma wa zai tsaya ya ji wannan?

Kunyar da na sha a watannin nan ba ta faɗuwa. In na je rijiya sai mata su yi shiru. A filin makaranta muna carafke wata yarinya ta kwashe duwatsunta ta ce, "Ke, kawunki da shayi yake shan man ko da fura?" Aka bushe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta daina zuwa biki da suna. Tana surfe tana share ido da gefen zane, in na tambaya ta ce ƙaiƙayi ne.

Baba bai taɓa buɗe baki ya ce da Kawu ɓarawo ba. Da ma ya faɗa, da ya fi sauƙi. Sai ya kira maƙeri ya yi wa murfin tanki maƙalli, ya sa kwaɗo ya kulle, ya jefa ɗan makullin a aljihu. Kawu ya fito da safe ya ga kwaɗon, ya daɗe a tsaye. Daga nan ya shiga zaure ya ajiye makullin mota a kan buzun Baba ya ce, "Malam, ga amanarka." A ranar ya kwashe kayansa daga gidanmu.

Aka samo wani direba. Tafiyar farko ta sunan ɗiyar gwaggona ce a Gummi, ni da Inna muna baya. Baba da kansa ya tsaya aka zuba mai, da kansa ya kulle. Wallahi ko garin ba mu shiga sosai ba motar ta fara shessheƙa, ta mutu. Samari suka tura mu wurin wani bakanike a gefen kasuwa, mutane suka taru don an ga motar Malam. Bakaniken ya kwance kafireta ya hura ya mayar, bai ga laifinta ba. Har ya fara tattara kayansa, sai ya buɗe wani zagayayyen gwangwani da ke saman inji, inda mota ke shaƙar iska. Sai ga gero, ga ɓawon gyaɗa, ga tsummokara, ga kuma 'ya'yan ɓera busassu a cikin sheƙa. Duk damina ɓeraye na jido daga rumbunmu suna tarawa, sun toshe matatar iskar, inji ya rasa numfashi ya koma zuƙar mai. Wani dattijo ya ce, "Malam, ai motarga taka ta hi mu noma bana!" Kowa ya yi dariya ban da Baba. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban jama'a ba. Na ɗauka murna zan yi an wanke Kawu, ashe wannan kunyar ta fi ta farko nauyi. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka kakkaɓe gwangwanin aka sa sabuwar matata, mota ta koma lafiya lau. Baba ya tura dattawa biyu da sabuwar riga su ba Kawu haƙuri, don shi ya kasa haɗa ido da shi. Kawu ya karɓa ya ce ba komai, Allah ya bar zumunci. Amma bai dawo ba, ya bi masu haƙar zinariya can wajen Anka, kuma ƙurar wurin ce ta cinye masa ƙirji.

Yau in motata ta fara shan mai, wani saurayi ne ke jona mata na'ura, kafin in gama gaisawa ya faɗa min abin da ke damunta, ba a zargi kowa ba. Sai in tuna rumfar nan tamu ta jikin rumbu, in ji ina ma lokacin akwai irin wannan. Baba ya rasu, Kawu yana nan ya tsufa yana fama da tari, 'ya'yansa na da motoci amma bai sake zama gaban sitiyari ba. Har yau in na durƙusa gaishe shi, ba na iya ɗaga ido.