Gawar Kawu a Kan Allo

Ina hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, ina buɗe wa dawa ruwa aka bugo waya daga Sinnar cewa ƙanena ya rasu. Zazzaɓi ne, aka ce. Na tsaya har ruwan ya kai ƙarshen gona, na toshe, sannan na kama hanyar gida.

Shi ne ya tafi karatu Wad Madani ya dawo da sana'ar da babu mai nemanta a ƙauyenmu, zane da fenti. Babban abin da ya bar mana wani allon katako ne da ya yi zane a kai, ya kusa kai ƙyauren ɗaki. Sama ja wur kamar an yi yanka. Mutane koraye, wuyansu dogo, bakinsu a buɗe. Daga ƙasa wani tsoho ya mutu a bakin tur'a, magudanar da ke kawo mana ruwa, dawa ta tsiro daga ƙirjinsa, wata mai goyo tana girbi. Ƙanena ya ce mana rayuwa ke nan. Inna ta ce to, ta kifa allon tana shanya kuɓewa a bayansa.

Abin da ya ɓata lamarin, tsohon yana da hancin Kawu, yayan Inna, har da giɓinsa. Kowa ya gani ya gane. Kawu ya ce mugun fata aka yi masa. Ya daina amsa gaisuwar ƙanena, ya rantse sai ya ƙone allon. Ko mura ta kama shi sai ya aiko a gaya wa mai fenti aikinsa ya fara ci.

Da aka kawo gawar, Kawun nan shi ya yi wa ƙanena wanka. Shi ya sauka kabari ya karɓe shi.

Da aka naɗe tabarmin makoki ya kira ni.

"Ɗauko mini abin nan."

Na ce a raina yau wuta za ta ci shi. Na kakkaɓe allon na jingina a rumfa, na tsaya kusa. Ya daɗe yana kallo.

"Ya walad, kai yaro, hancin nan ya yi yawa."

"Naka ne, Kawu."

"Rufe mini baki." Ya matso har gemunsa ya kusa taɓa fentin. "Amma dawar ta yi kyau. Da raina ban taɓa noma irinta ba. Kai mini shi ɗakina."

Inna ta leƙo daga madafa. "Yaya, ba kai ka ce a ƙone ba?"

"Gawata ce, ni ke da iko da ita."

"Ɗana ne ya zana. Kuma a kan me zan yi shanya?" Ta koma ciki.

Ban kai masa ba, ban mayar mata ba. Allon yana nan a rumfa. Kawu kan zo da hantsi ya sha shayi a gabansa, Inna kan rufe allon da zane in rana ta juyo. Har yau ba a yanke wanda zai riƙe shi ba.