Shekarar da Maigida Ya Jira Albasa Ta Yi Tsada

Ko na tsufa na manta inda na ajiye carbina, ba na jin zan manta da shekarar da maigidana ya ƙi sayar da albasarsa.

Manomin rani ne a bakin madatsar Goronyo, kuma a shekarar Allah ya ba shi albasa. Da aka cire, sai ya zuba ta kaf a rudu, rumfar karan nan da ake ajiye albasa har ta yi tsada. Na ce ya fitar da kaɗan ya sayar, a ware kuɗin iri da man injin ban-ruwa na rani mai zuwa. Ya dube ni kamar na ce ya zuba ta a gulbi.

"Ke mi kinka sani ga kasuwa? Albasag ga sai damina ta yi tsaka. Mashin nika saye."

Ƙananan da aka tsince gefe, waɗanda dillalai ba sa kallo, su ne rabona kamar kullum. Na sayar a ranar, na haɗa da kuɗin adashina na sayi ɗan rago, ramamme, duk ƙashi. Maigida ya yi dariya har da riƙe ciki. Kullum zai fita sai ya tsaya ya ce, "Hajiya, ina kwanan bankinki? Ya ci harawa?"

Farashi kuwa ya yi ta hawa. Duk ranar kasuwa ya dawo yana tafiya a hankali kamar wanda ya sauko daga Makka, ya ce sai mako mai zuwa. A majalisarsu ta bakin masallaci babu wanda bai san launin mashin ɗin ba. Ja ne.

Ni na fara jin warin, bayan wani ruwa da ya kwana biyu yana zuba. Da na faɗa masa, ya ce ragona ne. Ranar da ya ɗaga karan, saman lafiya lau, amma da ya zura hannu ƙasa sai ya fito da shi jiƙe. Ta ruɓe daga ciki, wadda ta tsira kuma ta yi tsiro.

Nan dariya ta ƙare a gidan. Na ga babban mutum zaune a ƙasa yana tsintar albasa ɗaya-ɗaya, tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abinci. Abin da ya tsinta ko iri bai isa ba. Babu iri, babu mai, babu noman rani ke nan, sai dai ya bar mu da yara ya tafi ci-rani kudu. Har ya fara tambayar kuɗin mota.

Da safe na kwance ragon, wanda yanzu sai an ja da ƙarfi, na miƙa masa igiyar. Ya daɗe yana kallon ta.

"Naki na hwa."

"Na sani. In ka tahi kudu, wa za ya riƙa gaishe shi?"

Hanyar kasuwa kuma dole ta bi ta gaban majalisa. Shi da bakinsa ya ba ni labari, wai wani tsoho ya leƙo ya ce, "Malam, mashin ɗin na? Ashe hwari ka samu. Wanga ko mai ba ya sha!"

Bai je kudu ba. Ragon ya sayi iri, ya sa injin ya tashi.

Abin da na koya shi ne, amfanin gona ba duka ne riba ba. Akwai rabon shekara mai zuwa a ciki, kuma shi ake fara cirewa kafin a zaɓi launin mashin. Yanzu ranar da aka cire albasa, ranar yake ware na iri da na mai. Mashin ya zo daga baya, baƙi, na hannu. Rago kuwa ban sake rasa shi a turke ba, kuma har yau maigida yana gaishe shi da safe, sai dai yanzu ba ya dariya.